Yadda za ka raɗa wa wasan 'yan mutum-mutuminka sunan da zai sayu daga Garwa har Njamena

Wasan da ake magana a nan yana da ɗan kama da lido, yana da ɗan kama da dara, amma ya fi su ɗawainiya. Tebur ake mayarwa filin daga: ga tudu na kwali, ga kogi na shuɗin ƙyalle, ga ganuwa. Kowane ɗan wasa na da rundunarsa ta 'yan ƙananan mutum-mutumi, mahaya da dakaru da 'yan baka, yawancinsu tsayin milimita 28, wasu ma 15. Ana auna tafiyarsu da tef irin na tela, a jefa ɗan lido don a ga ko sara ya ci ko mashi ya kuskure. A Turai babbar sana'a ce. Kamfanin Games Workshop na Nottingham a Ingila, mai wasan Warhammer, har a kasuwar hannun jari ta Landan yake. A wajenmu abin bai yi nisa ba tukuna, sai dai hannun da zai yi aikin yana nan: masu zubin tagulla da ke fitar da 'yan mahayan Kotoko, masassaƙa da dukawan Marwa, samarin da suka fara taɓa firintar 3D, da yaran da tun suna bin garke suke gina shanu da dawaki na laka.

To, ka zauna ka tsara dokoki, an zuba maka 'yan dawaki, sai a zo kan me za a kira wasan. Masu ƙirƙira kashi biyu ne a nan. Wasu sai daren da za a kai aiki maɗaba'a suke tuna ba su da suna. Wasu kuma tun ranar farko suka ƙwallafa rai a kan suna guda, ba mai taɓa musu shi. Dukansu asara suke nema.

Abin da za ka riƙe tun daga nan shi ne, a yankinmu baki ke sayar da kaya. Wani ya ga wasan a gidan abokinsa a Garwa, ya aika wa ƙaninsa da ke jami'a a Gaundare saƙon murya, ƙanin ya tambayi mai kanti da Fulatanci, mai kanti ya rubuta wa dillalinsa na Kuseri da rubutu irin na Faransanci, dillalin ya faɗa wa wani mai saye da ya tsallako gada daga Njamena da Larabci. Sunan da ya yi wannan tafiya ya isa da kamanninsa, shi muke nema. Duk matakan da ke ƙasa hanyoyin gano shi ne.

Mataki na 1: Faɗi wasan a jimla ɗaya, ka san mai ciro kuɗi

Kafin ka rubuta suna ko ɗaya, rubuta abin da wasan yake a jimlar da za ka iya faɗa kana kan mashin. Bari mu ɗauki misali mu tafi da shi har ƙarshe: "Wasan mutum biyu ne na mahayan yankin Tafkin Chadi a ƙarni na 19, Barno da Bagirmi da Wadai da Mandara da Fombina, kowa da 'yan mahayansa goma sha biyu, ana gamawa kafin a sauke shayi na uku."

Sai ka tambayi kanka wa zai biya. Uba ne da ke saya wa ɗansa? Ɗalibi ne da ya haɗa kuɗi da abokansa? Ko Bature ne mai tara irin waɗannan kaya da zai gani a intanet? Uba yana son sunan da ba zai ji kunyar faɗa a gaban surukinsa ba. Ɗalibi yana son sunan da ke da zafi a baki. Na waje yana son wanda zai iya karantawa, ya kuma ji ƙamshin wurin da ya fito. Ba za ka gamsar da su ukun daidai ba. Zaɓi na farko, sauran kada dai sunan ya kore su.

Ka kuma duba gaba. A ce ka sa masa "Kuseri 1900", saboda gwabzawar ranar 22 ga Afrilu 1900 wadda Rabe da kwamandan Faransa Lamy suka mutu a cikinta. Suna ne mai nauyi, kowa a bakin Logon da Shari ya san labarin. Amma ranar da ka so fitar da kwali na biyu a kan tsaron dutsen Mora da Jamusawa suka yi daga 1914 zuwa 1916, ko yaƙin Marwa na 1902, sai ka ga sunan ya ɗaure ka a gari guda da shekara guda. Sunan gwabzawa ɗaya na ƙaramin kwali ne. Babban suna sai ya zama rumfar da duka za su shiga.

Mataki na 2: Tara kalmomi daga cikin duniyar wasan

Kada ka fara da neman "suna mai daɗi". Fara da tara kaya. Ɗauki takarda ka cika ta da duk abin da ke cikin wasan: lifidi, sulke, kwalkwali, garkuwa, mashi, takobi, kwari, sirdi, linzami, likkafa, tambari, kakaki, algaita, barde, jarmai, kacalla, zagi, sukuwa, ganuwa, sansani. Kada ka tace komai a wannan zama. Je fada ranar hawan salla ko lokacin da ake fitar da dawakin lamido, ka saurari abin da masu kula da su ke kiran kowane abu. Wani tsoho zai ba ka kalmar da ba ta cikin kowane ƙamus.

In ka duba wasannin da suka yi suna a duniya, hanyoyin raɗa musu suna ba su da yawa. Akwai masu faɗin abin kai tsaye. Wasan da aka gabatar wa hafsoshin Furusiya, wata tsohuwar daular Jamusawa, a 1824, Kriegsspiel, ma'anarsa "wasan yaƙi" kawai, shi ya sa ya zama sunan kowa da kowa, ba wanda ya mallake shi. Akwai masu ɗaukar wani abu guda daga hannun mayaƙi su bar shi ya tsaya wa wasan duka: Chainmail na 1971 sulke ke nan, Warhammer na 1983 gudumar yaƙi, Bolt Action kuma daga yadda ake ɗana wata irin bindiga aka samo shi. Akwai masu ƙirƙiro gari su sa wa wasan sunansa, irin su Mordheim da Frostgrave. Sai masu haɗa kalmomi biyu su fitar da sabuwa, kamar BattleTech.

A ganina hanya ta biyu ta fi dacewa da mu. Ta farko ba ta da kariya: "Wasan Dawaki" ko "Yaƙin Sarakuna" kowa zai iya bugawa a kwalinsa gobe, kuma ofishin rajista ba ya ba mutum mallakar kalmar da ke bayyana kayan kawai. Ƙirƙiro gari kuwa yana bukatar kuɗin talla kafin mutane su san mene ne, mu kuma ga garuruwa na gaske da tarihinsu ya fi na ƙirƙira daɗi. Amma abu guda daga kayan mahayi, gajere, mai hoto a cikinsa, yana sayar da kansa.

Daga takardar nan fitar da kamar goma. Su za su shiga gwaji.

Mataki na 3: Gwajin baki da kunne

Nan ne aikin yake, nan kuma aka fi yin ha'inci, domin mutum yakan tambayi abokansa "ya kuka ji sunan nan?" su ce "wallahi ya yi". Kara ce suka yi maka. Kada ka tambayi kowa ko suna ya yi daɗi. Gwada abin da sunan ke yi a bakinsu.

Na farko, kira wani a waya daga cikin kasuwa, inda injin markaɗe ke ƙara, ka faɗi sunan sau ɗaya, ka ce ya maimaita. A nan "Likkafa" za ta faɗi, don rabin mutane likkafani za su ji, kuma ba uban da zai shigo wa 'ya'yansa da wannan gida.

Na biyu, faɗa wa mutanen da Hausa ba harshen gidansu ba ce. Fulatanci na da ɓ da ɗ, amma ba shi da ƙ, ba shi da ts. Mai Larabcin Shuwa ko na Chadi shi ma waɗannan biyun za su ba shi wahala. Duk sunan da ƙarfinsa ke kan ƙ ko ts, to a Kano zai yi daɗi, a Mokolo ya zama wani abu. Haka kuma sunan Turanci mai baƙaƙe cunkushe, bakin Bahaushe sai ya buɗa shi da wasula kafin ya fita, ya koma abin da kai mai shi ba za ka gane ba. Gaɓa biyu ko uku, baƙi da wasali baƙi da wasali, su ne ke wucewa ko'ina ba biza.

Na uku, tambayi ma'ana a kowane harshe, kuma ka tambayi manya da yara dabam. Wajen dattijo ka je da ladabi, bayan gaisuwa ta gama zagayenta:

"Baba, don Allah wata 'yar tambaya gare ni. In aka ce maka lifidi, me ke fara zuwa maka a rai?"

In ya gyara zama ya fara ba ka labarin 'yan lifidan da ke tafe gaban sarki, doki da mahayi duk a lulluɓe da rigar auduga mai kauri, ba a ganin komai sai idanu, to kalmar na da rai. In ya ce "me ka ce?", ka rubuta wannan ma. Sannan ka nemi yaran makarantar boko, waɗanda kunnensu ya jiƙu da Faransanci. Faɗa musu "Kakaki" ka kalli fuskokinsu. Gaɓa biyun farko za su sa su dariya, don a Faransancin yara "kaka" kashi ne, kuma dariyar ba za ta bar kwalin ba har abada. "Barde" kuma ga mai Faransanci mawaƙi ne, ko sulken doki na zamanin da, ko kuma yankin kitsen alade da ake naɗe nama da shi kafin a gasa. Biyu daga ciki ba laifi, na ukun ya isa ya sa ka sake tunani. Manyan kamfanoni ma sun sha wannan: motar da muke kira Pajero, a ƙasashe masu Sifaniyanci Montero ake sayar da ita, saboda sunan farko zagi ne a can.

Na huɗu shi ne gwajin mantuwa. Faɗa wa mutum goma sunaye uku-uku cikin hira, kada ka ce su riƙe. Bayan kwana biyu ka tambaye su wanne suka tuna. Wanda ya zauna a kai ba tare da an roƙe shi ba, ka sa masa alama.

Ka lura kuma da yadda za su gajarce shi, don sai sun gajarce. Warhammer 40,000 ya fito a 1987, amma masu buga shi 40K suke cewa. Mutanenmu sun fi kowa iya wannan, su da ke raɗa wa atamfa da mashin da waya sunan da kamfani bai taɓa mafarki ba. In sunanka kalma uku ne, kasuwa za ta zaɓi ɗaya ta yar da biyu. Gara kai ka riga ta zaɓa.

Mataki na 4: Gwajin rubutu

Wannan matsalar tamu ce ta musamman, ɗan Kano ba ya fama da ita kamar mu. Yawancin masu karatu a Kamaru da Chadi da ƙa'idar Faransanci suka koyi haɗa baƙi, shi ya sa muke faɗin Garwa da Marwa amma allon hanya na cewa Garoua da Maroua. Ba wa mutum biyar takarda, ka faɗi sunan, kowa ya rubuta yadda ya ji. In ka sami rubutu iri uku, to a intanet wasanka ya rabu gida uku, mai nema ba zai same ka ba.

"Sulke" suna ne mai kyau a baki. Amma wanda ya yi makaranta a nan Soulké zai rubuta, in kuma ya ga Sulke a kwali sai ya haɗiye wasalin ƙarshe. "Sukuwa" haka, ta koma Soukoua. Harafin c ya fi su duka rikici: "Kacalla" mai Faransanci Kakalla zai karanta, in kuma ka rubuta Katchalla don shi, ɗan Najeriya ya ga baƙon abu. Haruffa masu lanƙwasa kuwa, wayoyi da yawa ba a saita su da su ba, kuma adireshin intanet da sunan shafi ba sa son su. Ka sa wa wasa "Baƙin Doki", lanƙwasa ta faɗi a hanya, ya zama bakin doki.

Saboda haka nemi sunan da haruffansa ke da murya ɗaya a boko da Faransanci da Ingilishi: a, i, o, b, d, f, k, l, m, n, r, t. A cikin jerinmu "Lifidi" ya tsallake wannan ba ko tuntuɓe. Ban ce ka ɗauke shi ba. Misali ne, kuma sai ya bi ta sauran matakan kamar kowane.

In kana nufin kasuwar Chadi, inda Larabci da Faransanci ne harsunan hukuma, sa wani malami ya rubuta maka sunan da haruffan Larabci ba wasulla, ka ba wani dabam ya karanta. Wani lokaci sai ka ji wata kalma ta fito wadda ba ka gayyata ba.

Mataki na 5: Cire duk abin da zai jawo maka magana

Suna linzami ne, in ji mutanen da, kuma yana iya jan kayanka zuwa inda ba ka nufa ba. Wasan nan tun asali yana tafe da abubuwa biyu da wasu iyaye ke ɗari-ɗari da su: siffar mai rai, da ɗan lido da ake dangantawa da caca. Malamai na da maganganu a kan duka biyun, kuma ba a bayan kwali za ka warware su ba. Abin da ke hannunka shi ne kada sunan ya ƙara wa wutar itace. Kalmomi irin su gunki, dodo, tsafi, sa'a, caca, ka bar su. Sunayen Allah, na annabawa da sahabbai, da duk wani yanki na aya, kada su kusanci kwalin da za a ajiye a ƙasa, yara su taka, ƙarshe a kunna wuta da shi.

Sai tarihi. Mutanen da za ka zuba a tagulla suna da jikoki a raye. Rabe ga wasu gwarzo ne da ya tsaya wa Turawa, ga wasu kuma mutumin da ya ƙone garin kakanninsu ya kwashe mutane bayi. Yaƙe-yaƙen da suka kafa lamidodin Fombina tun zamanin Modibbo Adama, yadda ake ba da labarinsu a fada dabam, yadda ake ba da shi a kan duwatsun Mandara dabam. Kana iya sa duk waɗannan rundunoni a cikin wasa, kowa da ƙarfinsa da rauninsa, amma babban suna kada ya ɗauki ɓangare. Kalmomin raini da ake kiran wasu ƙabilu da su, irin su kirdi da arna, ko a cikin littafin dokoki kada su fito. Sunan masarauta mai ci ko sarautar wani mai rai kuma, ba a sa shi a kan haja sai an je an gaida masu shi an nemi izini.

Akwai kuma hanya. Shekaru sama da goma ke nan yankin Arewa Mai Nisa da bakin tafki ke fama da Boko Haram. Ka yi tunanin katan ɗinka a bayan mota tsakanin Marwa da Mora da Kuseri, jandarma ya sa an sauke, ya ga an rubuta "Hari" ko "Jihadi" da manyan baƙaƙe, ya buɗe ya ga 'yan mutane da makamai da taswira. Za ka yi bayani, kuma wataƙila a gane, amma direban ba zai sake ɗaukar kayanka ba.

Mataki na 6: Bincika ko wani ya riga ka

A 1984 kamfanin FASA na Amurka ya fitar da wasan manyan injinan yaƙi da sunan Battledroids. Ashe kalmar droid alamar kasuwanci ce ta kamfanin Lucasfilm. Bugu na biyu sai da aka canja masa suna zuwa BattleTech. Su sun yi sa'a, sabon sunan ya karɓu, har yau ana buga wasan. Kai da ka zuba jarinka duka a kwali ɗari biyar, ba lallai ka sami damar bugu na biyu ba.

Binciken ba ya cin kuɗi sai na data. Rubuta sunan a Google shi kaɗai, sannan tare da kalmar wasa da Hausa da Faransanci da Ingilishi. Duba BoardGameGeek, inda aka tara sunayen wasannin tebur na duniya. Duba Global Brand Database na WIPO, hukumar kare mallakar fasaha ta duniya, kyauta ne. Duba Facebook da TikTok da YouTube ka ga ko sunan shafin na nan ba mai shi, haka adireshi mai ƙarewa da .cm ko .td ko .com. Gwada har da rubutun da ya yi kusa da naka, don doka ba sunan da ya yi daidai kaɗai take dubawa ba, har da wanda zai rikita mai saye.

A nan za ka ga wani abin da ba ka zata ba: wasu kalmomi ba wanda ya mallake su, amma labarai sun cinye su. "Garkuwa" kalma ce mai daraja, sai dai ka rubuta ta a intanet ka ga abin da zai fito, garkuwa da mutane shafi bayan shafi. "Linzami" kuma makamai masu linzami za su binne ka. Sabon wasa ba zai iya kokawa da wannan ba.

In sunan da kake ƙauna ya faɗi a nan, kada ka ɗauke shi mutuwa. Scrabble ma sai da ya zama Lexiko, ya zama Criss-Crosswords, kafin ya sami sunan da ya zauna masa a 1948.

Mataki na 7: Yi rajista

Mu a nan muna da wata gata da mutane da yawa ba su sani ba. Kamaru da Chadi duka suna cikin OAPI, ƙungiyar kare mallakar fasaha mai hedikwata a Yawunde, wadda ke aiki da Yarjejeniyar Bangi ta 1977. Ƙasashe 17 ne a ciki, har da Nijar, Afirka ta Tsakiya, Gabon, Benin, Mali da Senegal. Takarda ɗaya ka shigar, kariyar ta rufe su duka. Rajistar alama na ɗaukar shekara 10, ana kuma sabuntawa. Kowace ƙasa na da ofishin da ke karɓar takardu a madadin ƙungiyar, a ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da masana'antu, akwai kuma wakilai masu lasisi da ke yin aikin a biya su. Tambayi kuɗin da ake biya a lokacin da za ka shigar, kada ka dogara da abin da wani ya biya shekarun baya.

A tsarin OAPI wanda ya fara shigar da takarda shi ke da alama. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Saboda haka kada ka yi wata shida kana tallar suna a Facebook alhali ba ka shigar da komai ba.

Ana rajista ne rukuni-rukuni, bisa tsarin Nice mai rukuni 45. Naka na farko shi ne na 28, na wasanni da kayan wasa. In za ka sayar da littafin dokoki dabam, wannan na 16 ne. Fayil ɗin da ake saukewa a buga a firintar 3D ko manhajar waya, na 9. Shirya gasa, na 41. Yawan rukuni na ƙara kuɗi, don haka in aljihu bai da nauyi fara da 28. Ba za a karɓi sunan da ke bayyana kayan kawai ba, ko mai ɗauke da tuta ko tambarin wata ƙasa, ko wanda ya saɓa wa tarbiyya. Ka kuma sani rajistar suna ba ta kare siffar 'yan mahayanka. Wannan wata takarda ce dabam, ta zane da siffar kaya, ita ma a OAPI ake yi.

Babban gibin shi ne Najeriya. Ba ta cikin OAPI, kuma kai ka san in wasan ya karɓu, Mubi da Yola da Maiduguri da Kano ne za su fi kowa saye, su ne kuma za a fara kwaikwayonsa. Can sai ka yi rajista ta dabam a ofishin alamun kasuwanci da ke Abuja, inda ta farko ke ɗaukar shekara 7. Turai da Amurka kuwa, tun 2015 OAPI ta shiga tsarin Madrid, wanda ke ba ka damar neman kariya a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya. Wannan sai kasuwa ta kai can.

Alamar ® ba a sa ta sai rajista ta fito.

Mataki na 8: Ƙaramin suna, da sunayen cikin kwali

Gajeren suna ba ya bayyana kansa, don haka a ba shi ɗan rakiya a ƙasa. Kamfanin Kiro'o Games na Yawunde haka ya yi da wasansa na kwamfuta a 2016: Aurion shi ne sunan da ake kira, sauran jimlar da ke biye tana faɗin labarin. Naka zai iya zama "Lifidi" da manyan baƙaƙe, a ƙasa "Mahayan Tafkin Chadi". Amfanin wannan tsari shi ne babban suna ba ya motsi, ƙaramin kuwa ana fassara shi: Hausa a gefe ɗaya, Faransanci a ɗaya, Larabci ga kwalayen da za su tsallaka Shari, Ingilishi ga na Najeriya. Kuseri da Mora da muka ajiye tun farko, ga gurbinsu ya samu a kwali na biyu da na uku.

Sunayen rundunoni da na mayaƙa su ma dukiya ne. A 2014 Games Workshop ya canja sunan rundunarsa Imperial Guard zuwa Astra Militarum, masu bin harkar kuma suka fahimci dalilin: sunan farko kowa na iya amfani da shi, na biyun nasu ne su kaɗai. Kai da ke aiki da tarihi na gaske ba za ka mallaki Barno ko Wadai ba, kuma bai kamata ka nema ba. Abin da za ka iya mallaka shi ne babban sunan, da tambarinka, da zanenka.

Kafin a buga da yawa, sa a buga kwali ɗaya tak. Kai shi kantin da ake sayar da lido da karta da kayan makaranta, ka roƙi mai shi:

"Alhaji, don Allah a ɗan ajiye mini wannan a kan kanta zuwa la'asar."

Koma bakin ƙofa ka tsaya. In daga nan ba ka iya karanta sunan, baƙaƙen sun yi ƙanana ko adon ya yi yawa. Ɗauki hotonsa da waya ka ƙanƙanta shi kamar hoton da ke jikin lambar WhatsApp, ka ga ko har yanzu yana karantuwa. Da la'asar ka tambayi Alhaji me waɗanda suka ɗaga kwalin suka kira shi.

A zubin farko kada ka sa a sassaƙa sunan a ƙarƙashin gindin 'yan mahayan, domin abin da ya shiga ma'aunin zubi ba ya goguwa sai an sake wani. Yi amfani da takarda mai manne a kan kwali har takardar shaidar shigar da rajista ta zo hannunka, kuma lokacin da aka ware don masu ƙorafi ya wuce ba wanda ya fito. Daga nan sai ka koma wurin mai zubi a sa sunan a ƙarfe.